Tubalan Ilimin Zamantakewa: Misalai daga Chikaji, Samaru da Sabon Garin Zariya

1.0 Gabatarwa

Na shirya wannan maƙala ne domin malaman makarantun firamare da na sakandare, da kuma iyayenmu dattawa masu sha'awar sanin yadda masana ke kallon zaman jama'a. Manufata ita ce in yi bayanin wasu kalmomi guda shida waɗanda duk mai koyon ilimin zamantakewa ke fara cin karo da su, wato al'umma, al'ada, matsayi, tarbiyya, ginshiƙan al'umma da kuma saɓani.

Galibin littattafan da ake koyar da wannan fanni da su suna kawo misalai ne daga Turai da Amurka, har yaro ya ɗauka cewa abin bai shafi unguwarsu ba. Saboda haka na zaɓi in ɗauko misalaina daga Chikaji da maƙwabtanta, wato Sabon Gari da Samaru. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, waɗannan wurare ne da mutanen da ba su haɗa kaka ba suka taru suka gina su cikin abin da bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba. A irin wannan wuri ne tambayar da ta haifi fannin take fitowa fili: me ke riƙe mutane wuri guda idan ba jini ne ya haɗa su ba, kuma me ke raba su?

2.0 Ma'anar Ilimin Zamantakewa da Asalinsa

Ilimin zamantakewa, wanda 'yan boko ke kira soshiyoloji, shi ne nazarin yadda mutane ke zama tare, da ƙa'idojin da ke tafiyar da zaman, da yadda ƙa'idojin ke sauyawa. Mai wannan nazari ba ya tsayawa ga halin mutum ɗaya. Idan matashi guda ya rasa aikin yi, ana iya cewa lalaci ne ko rashin sa'a. Amma idan matasan unguwa baki ɗaya suka wayi gari a bakin titi bayan an rufe masana'anta, to dole a nemi dalili a tsarin zaman, domin ba zai yiwu a ce dukkansu sun zama malalata rana ɗaya ba.

Wani Bafaranshe mai suna Auguste Comte, wanda ya rayu daga 1798 zuwa 1857, shi ne ya raɗa wa fannin sunan da Turawa suka san shi da shi. To amma fiye da shekara ɗari huɗu kafin shi, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya kuma rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377, inda ya tsara abin da ya kira ilimin umran, wato sanin yadda ake raya ƙasa da zaman tare. Ya bambanta zaman ƙauye da na birni, ya kuma yi dogon bayani a kan asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke sa jama'a su tsaya wa juna. Zan koma ga wannan kalma a gaba.

3.0 Yadda Wurin Ya Kafu

Kafin zuwan Turawa, idan an ce Zariya ana nufin birnin da ke cikin ganuwa. Turawan Ingila sun mamaye garin a 1902, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1911. Aikin shimfiɗa hanyar jirgin, wanda kakanninmu suka sani da diga, ya girgiza ƙasar Zazzau har Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa a kansa, wadda aka sani da Waƙar Diga. Jirgi ya zo da ma'aikatan tasha da akawuna da masu sana'o'in hannu da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Turawa ba su bari suka shiga birni ba, sai suka yanka musu fili a kusa da tasha, a hayin rafin Kubanni. Asalin Sabon Gari ke nan. Bayan 'yan shekaru aka kafa Tudun Wada domin baƙi 'yan Arewa. Da farko ma Sabon Gari yana ƙarƙashin jami'in Turawa ne kai tsaye, sai daga baya aka mayar da shi hannun En'e.

Samaru kuwa gonar gwaji ce ta tayar da ita. An kafa sashen binciken aikin gona a 1922, kuma da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba, 1962, sai cibiyar binciken ta zama wani ɓangare nata. Malamai da ɗalibai da leburori da masu dafa abinci da masu haya suka mayar da ƙauye ya zama gari.

Chikaji tana ɗaya daga cikin mazaɓu goma sha ɗaya na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, tare da irin su Muchiya, Dogarawa, Hanwa, Basawa, Bomo da Samaru. An san ta da filin masana'antu, saboda haka da yawa daga mazauna cikinta neman aiki da neman muhalli mai sauƙi ne suka kawo su ko suka kawo iyayensu. Sunayen wurare kansu shaida ne a kan wannan tarihi. Unguwar PZ ta samo sunanta daga kamfanin Turawa na Paterson Zochonis, akwai titin Legas da titin Benin a Sabon Gari, ga kuma Hayin Ojo, mai ɗauke da sunan da kowa ya san na Yarbawa ne.

4.0 Al'umma

Taron mutane a tasha suna jiran mota ba al'umma ba ne, domin da mota ta zo sun watse. Al'umma ita ce jama'ar da ke zaune a wuri guda na tsawon lokaci, suna hulɗa, suna dogaro da juna, suna kuma da ƙa'idojin da suka yarda da su.

Emile Durkheim, wani masani Bafaranshe, ya nuna a littafin da ya fitar a 1893 cewa haɗin kan al'umma iri biyu ne. Na farko shi ne haɗin kai na kamanni. A ƙaramin ƙauye kusan kowa manomi ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, kowa ya san kakan kowa. Abin da ya haɗa su shi ne sun yi kama da juna. Na biyu shi ne haɗin kai na buƙata, wanda ake samu inda sana'o'i suka rarrabu, kowa ya ƙware a abu guda, ya kuma dogara da wasu a kan sauran.

Sabon Gari da Chikaji da Samaru misalai ne na iri na biyu. Mu ɗauki ƙwayar masara. Masani a cibiyar bincike ta Samaru yakan shafe shekaru yana tace iri, shi ya sa ake ganin sunaye irin su SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa da SAMSORG na dawa, waɗanda farkonsu ya fito daga sunan Samaru. Kamfanin iri, kamar Premier Seed da ya kafa mazauninsa a filin masana'antu na Chikaji, shi ke yawaita iri ya zuba a leda. Direba ya ɗauka, ɗan dako ya sauke, mai shago ya sayar, manomi a Giwa ko Soba ya shuka. Da kaka masarar ta dawo kasuwar Sabon Gari, mai inji ya niƙa, mai tuwo ta tuƙa, shi masanin ya zo ya saya ya ci. A wannan zagaye za a iya samun Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe da Baju, wasu ba su taɓa ganin juna ba, amma idan ɗaya ya tsaya sauran za su ji a jikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin lura a nan shi ne, haɗin kai na buƙata yana da ƙarfi matuƙar ana samun aiki da ciniki, kuma matuƙar akwai doka da amana da ke tsare alkawari tsakanin mutanen da ba dangi ba. Idan waɗannan suka raunana, mutane sukan koma neman mafaka wajen waɗanda suka yi kama da su.

5.0 Al'ada da Ƙa'idojin Zama

A bakin mutane, idan an ce al'ada akan tuna da hawan daba ko kamun amarya ko dambe. A wannan fanni ma'anar ta fi haka faɗi. Al'ada ita ce duk abin da mutum ya koya daga jama'arsa, ba wanda aka haife shi da shi ba: harshe, sutura, abinci, gaisuwa, imani, kayan aiki, har da abin da ake jin kunyarsa. Tana da ɓangaren da ake taɓawa, kamar garma da tukunya da wayar hannu, da wanda ba a taɓawa, kamar kara da kawaici.

A cikin al'ada masana sun bambanta abubuwa biyu. Akwai abin da jama'a ke darajantawa, kamar mutunci da girmama na gaba. Akwai kuma ƙa'idojin da ke fassara wannan daraja a aikace, kamar tuɓe takalmi da russunawa a gaban dattijo, ko yin sallama kafin shiga gida. Ƙa'idojin ma hawa-hawa ne. Wanda ya ci abinci da hagu za a harare shi. Wanda ya ci amanar maƙwabci za a ƙaurace masa. Wanda ya yi sata kuwa hukuma ce za ta kama shi. Harara da tsegumi da zambo da ƙauracewa duka hanyoyi ne na tsawatarwa, kuma sau da yawa sun fi ɗan sanda aiki.

To yaya ake yi a inda al'adu da yawa suka haɗu? Abin da na lura da shi a Sabon Gari shi ne, kowane gida yana riƙe da tasa al'adar a ciki, amma a waje an gina wata ta tarayya. Hausa ta zama harshen kasuwa, har za ka ji ɗan Ibo da aka haifa a nan yana ciniki da karin harshen Zazzagawa. Bahaushiya ta iya tuƙa teba da amala, matar Bayarabe ta iya waina. Da Sallah akan miƙa nama gidan maƙwabci Kirista, da Kirsimeti shinkafa ta dawo. Babu hukumar da ta rubuta waɗannan ƙa'idoji. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo farin kai.

6.0 Matsayi da Abin da Yake Ɗora wa Mutum

Matsayi shi ne gurbin da mutum yake ciki a al'umma: uba, ɗa, liman, mai unguwa, hedimasta, lebura. Kowane gurbi yana da haƙƙoƙi da nauye-nauyen da ake sa ran mai shi ya sauke. Mutum ɗaya yakan riƙe gurabe da yawa, kuma wani lokaci sukan yi karo. Malamin da ɗan yayarsa ya faɗi jarrabawa a ajinsa ya san wannan: zumunta na cewa ya ɗaga shi, aikin malanta na cewa ya rubuta abin da yaron ya ci.

Masana sun raba matsayi gida biyu: wanda aka tarar da wanda aka nema. Na farko mutum ba shi da zaɓi a kansa, kamar gidan da aka haife shi. Na biyu da ƙoƙarinsa yake samu, kamar zama likita. Bahaushe ya riga ya san wannan bambanci, domin yana rarrabe sana'ar gado da ta shigege. Masanin nan ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ya kuma wallafa Government in Zazzau a 1960, ya rubuta a kan wannan. Ya nuna cewa a wancan zamani sana'ar mutum ita ce babban ma'aunin darajarsa: masu sarauta a sama, sai malamai da attajirai, sai manoma da masu sana'o'in hannu, sannan waɗanda ake yi wa kallon na ƙasa, irin su makaɗa da mahauta da 'yan dako. Kuma mai gado yakan fi ɗan shigege daraja a cikin sana'a ɗaya. Wannan jeri shi ake kira hawa-hawan matsayi.

A nan ne Sabon Gari da Samaru suka kawo babban sauyi. Aikin jirgin ƙasa da na kamfani da na jami'a da na soja babu wanda ya gaje su, kowa ɗan shigege ne. Ba a tambayar wane ne ubanka a bakin ƙofar masana'anta, ana tambayar takardarka ne ko ƙarfinka. Ta haka ɗan manomi ya zama farfesa, ɗan mahauci ya zama alƙali, mawaƙi ya fi mai sarauta kuɗi. Sai dai kada malami ya gaya wa yara cewa tsohon ma'auni ya mutu. Yana nan da ransa, kuma ranar neman aure ake ganinsa, lokacin da dattawa suka fara binciken asali. Haka kuma sabon ma'auni ya zo da nasa hawa-hawan. Tazarar da ke tsakanin gidajen manyan ma'aikata a cikin jami'a da ɗakunan haya na Hayin Dogo ba ta da nisa a ƙafa, amma tana da nisa a damar karatun yaran da ke tashi a cikinsu. Irin wannan rabuwa ta dukiya da aiki ita ce Karl Marx ya gina nazarinsa a kanta.

7.0 Tarbiyya

Tarbiyya ita ce hanyar da al'umma ke bi ta zuba al'adarta a cikin sabon mutum. Tana farawa daga goyo, ba ta ƙarewa sai a kabari, domin amarya da sabon ma'aikaci da kurtun soja a Defo na Zariya duka ana koya musu sabon zama ne.

Muna da kyakkyawar shaida a kan tarbiyyar da. Mary Smith, matar M. G. Smith, ta zauna da wata dattijuwa mai suna Baba a Giwa da Zariya, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. A ciki an ga yadda kunyar ɗan fari take, da yadda ake ba 'yan'uwa riƙon yara, da yadda ƙawance da biki ke ɗaure mata da juna. A duniyar Baba, masu tarbiyya su ne iyaye da kakanni da gwaggwanni da malamin allo da sa'o'in wasa a dandali, kuma duk bakinsu ɗaya.

Yaron Chikaji na yau masu tarbiyyarsa sun fi haka yawa. Ga gida, ga Islamiyya ko coci, ga makarantar boko wadda shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai kusan kowace unguwa, ga garejin da yake koyon aiki, ga majalisar abokai, ga finafinai, ga wayar hannu da ke kawo masa maganar mutanen da bai taɓa gani ba. Matsalar ita ce bakinsu ba ɗaya ba ne. Gida na cewa haƙuri, waya na nuna masa sa'ansa da ya yi kuɗi dare ɗaya. A da ana cewa ɗa na kowa ne, kowane babba na iya tsawata masa. A gidan haya mai ɗaki goma da ƙabila biyar, maƙwabci yakan ja bakinsa don gudun rigima. Idan malami ya ga yaro ya kauce, yana da kyau ya tambayi kansa wace murya ce ta fi ƙarfi a kunnen yaron, kafin ya ɗauki bulala.

8.0 Ginshiƙan Al'umma

Ginshiƙan al'umma su ne tsare-tsaren da suka daɗe, waɗanda ke biyan manyan buƙatun jama'a. Akan lissafa biyar: iyali, addini, ilimi, tattalin arziki da mulki. Zan taɓa biyu kawai.

Na farko iyali. Tsohon tsarin manoman Hausa shi ne gandu, inda uba da 'ya'yansa maza masu aure, ko wa da ƙannensa, ke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da ɗan gayaunarsa. A 1966 da 1967 wani mai bincike a Samaru, David Norman, ya bi gidajen manoma a ƙauyuka uku, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana rubuta aikinsu da abin da suke samu. Daga cikin abin da binciken ya nuna akwai cewa manomin da ke gauraya gero da dawa da wake a gona ɗaya yana da hujja, domin hakan na rage masa hasara. Wannan darasi ne ga duk mai nazarin jama'a: a tambayi mutane dalilinsu kafin a kira abin da suke yi jahilci. Hanwa da aka yi wa kallon ƙauye a lokacin yanzu gari ya haɗiye ta. Inda albashi da kuɗin haya suka maye gurbin gona da rumbu, gandu ba ya tsayawa, sai iyali ya koma miji da mata da 'ya'yansu. Amma bikin suna da jana'iza da kuɗin makarantar ɗan ƙane suna nuna cewa zumunta ba ta yanke ba, ta sauya kama ne.

Na biyu mulki. Max Weber, masanin Jamus da ya rasu a 1920, ya ce dalilai uku ne ke sa mutane su yi biyayya da yardarsu. Akwai biyayya saboda gado da al'ada, kamar wadda ake yi wa sarki da hakimi da mai unguwa. Akwai biyayya saboda baiwa da kwarjinin mutum, kamar yadda jama'a suka bi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804. Akwai kuma biyayya ga doka da ofis, kamar ta shugaban ƙaramar hukuma da alƙali, wadda gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarfafa bayan rushe En'e. A zahiri ukun sukan cakuɗe. Da Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu a watan Satumba na 2020 bayan shekara 45 a kan gado, sai da aka duba gidajen sarauta kamar yadda al'ada ta tanada, amma gwamnan jiha ne ya sa hannu aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli a watan Oktoba, wanda ya dawo da sarautar gidan Mallawa bayan shekara ɗari. Haka mazaunin Chikaji yake yi a ƙaramin mataki: rigimar iyakar fili takan fara zuwa wurin mai unguwa ko liman ko fasto, sai ta gagara a tafi kotu.

9.0 Saɓani da Matsayin Baƙo

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Babu al'ummar da ba ta da saɓani, kuma ɓoye wa ɗalibai wannan ba ya amfanar kowa. Zariya ta ga tarzomar 1966, wadda ta sa dubban 'yan Gabas suka bar Arewa kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ta ga rikicin watan Maris na 1987 da ya taso daga Kafanchan, inda aka ƙona wuraren ibada. Ta kuma ga na bayan zaɓen watan Afrilu na 2011. Abin lura shi ne, a duka ukun wutar daga wani wuri ta taso ko daga siyasar ƙasa, amma ta sami makamashi a layin da ke raba ɗan gari da baƙo. Asabiyyar da Ibn Khaldun ya bayyana tana da fuska biyu: ita ke sa mutum ya tsaya wa nasa, ita ce kuma ke sa ya daina ganin maƙwabcinsa a matsayin mutum. Duk da haka, bayan yaƙi da yawa daga waɗanda suka tafi sun dawo sun buɗe shagunansu, kuma a unguwanni da dama akwai dattawan da za su ba da labarin wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaka har ƙura ta lafa.

To wane ne baƙo? Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, wato da hantsi ya wuce. Amma Georg Simmel, wani masanin Jamus, ya ja hankali a 1908 ga wani irin baƙo daban, wanda ya zo ya zauna, yana cikin gari amma ana ci gaba da ƙirga shi a waje. Mutumin da kakansa ya zo aikin jirgi, aka haifi ubansa a Sabon Gari, aka haife shi a Chikaji, yana iya zuwa neman takardar shaidar asali a ce ya koma garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba.

Domin mu gane cewa baƙunta matsayi ne da tsarin zama ke ɗora wa mutum, sai mu juya madubi. A Ibadan akwai unguwar Sabo, inda Hausawa fataken goro da shanu suka zauna. Abner Cohen ya yi nazarinsu a littafin da ya fitar a 1969, ya nuna yadda suka ƙara riƙe Hausancinsu da sarkinsu da ɗariƙar Tijjaniyya domin tsare kasuwancinsu a tsakiyar Yarbawa. Abin da ƙungiyar 'yan gari ɗaya take yi wa Ibo ko Bayarabe a Sabon Garin Zariya, shi Sarkin Hausawa yake yi wa Bahaushe a Sabon Ibadan ko zangon Kumasi. Wanda yake ɗan gari a nan, baƙo ne a can.

10.0 Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce a koyar da waɗannan kalmomi daga bakin ƙofar aji. A sa kowane ɗalibi ya tambayo a gida inda aka haifi kakansa, da sana'ar kakan, da ta uban, da abin da ya kawo su unguwar. A rubuta amsoshin a allo ba tare da an fifita ta wani ba. Daga wannan jeri kaɗai za a fitar da gado da shigege, da ƙaura, da sauyin iyali, kuma yara za su gani da idonsu cewa kusan kowa a ajin yana da kakan da ya taɓa zama baƙo a wani wuri. A sa su bi hanyar buhun masara ɗaya daga gona zuwa tukunya, su ƙirga hannuwan da ya ratsa.

Ga iyayenmu dattawa kuma, roƙona shi ne su ba da labari. Wanda ya yi aiki a tashar jirgi lokacin da take cike, ko a masana'anta lokacin da ake busa ƙaho a fita aiki, ko ya ga yadda aka sasanta unguwa bayan rikici, yana riƙe da abin da babu shi a littafi. Idan malamai suka gayyace su aji, ko suka tura yara su rubuta daga bakinsu kamar yadda aka yi da Baba, za mu sami tarihin zaman Chikaji da Sabon Gari da Samaru daga masu shi. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.